Zan tafi Umarar azumi da cutar siliyak, surukata kuma ta ce iyayi ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga Zariya, 'ya'yana biyu. Wata takwas ke nan da likita ya tabbatar min ina da cutar siliyak, bayan na yi shekaru ina fama da kumburin ciki da gudawa da ƙarancin jini, ana ta ɗura min maganin olsa da na taifot. An ɗebi jinina, aka zura kyamara ta baki aka gutsuro ɗan naman hanji aka auna, sannan aka ce in bar alkama da duk abin da aka yi da ita har abada. A gida na gano kan abin don ni ke girkina, har na fara mayar da jiki. To yanzu maigida ya biya mana Umarar azumi ta kwana 20, ni da shi da Hajiya mahaifiyarsa. Tun da aka gano ciwon ban taɓa kwana a wani gari ba. Hajiya kuma ba ta yarda da zancen ba, cewa take iyayi ne na 'yan boko, wai wa ya taɓa jin gurasa ta kwantar da mutum. Ina jin nauyinta ƙwarai, duk abin da ta miƙo min ba na iya cewa a'a. Yaya zan yi da abincin jirgi da na otal da na buɗa-baki? Ko in haƙura in ci abin da ya samu na kwanakin nan, in na dawo in ci gaba da kiyayewa?

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada, ya saka wa maigidanki da alheri.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ta fi tsaya min a rai. A'a, kada ki yi haka. Sinadarin nan da ake kira gulutin, wanda ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Da ya isa ƙaramin hanjinki sai garkuwar jikinki ta tashi faɗa da shi, garin faɗan ta riƙa cin bangon hanjin. Bangon nan a lulluɓe yake da wasu 'yan tsirarrun nama kamar gashin sabon tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. In suka siɗe, hanji ya koma kamar tsohon tawul da ya sha wanki, sai ki ci ki ƙoshi amma jiki bai samu komai ba. Ƙarancin jinin da kika yi fama da shi daga nan ya fito. Wata takwas ɗin nan da kika yi kina kiyayewa, gashin nan ne ke sake tsirowa, a jikin babba kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya dawo daidai. Kwana 20 kina cin burodi za su mayar da ke baya, ga azumi, ga zafin Makka, ga ɗawafi da sa'ayi da tsayuwar dare. Kin biya kuɗi kin je ki kwanta a ɗakin otal ke nan.

Kuma abin ba sai ya yi yawa ba. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2007, ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum har tsawon wata uku ya isa ya taɓa hanjin mai siliyak. In kika mayar da wannan fulawa, bai kai kwatan ƙaramin cokali ba. Shi ya sa ƙa'idar da duniya ke bi ta ce ba za a rubuta wa abinci cewa babu gulutin a cikinsa ba sai in bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ɗaya ba. Wuta ba ta kashe shi, tafasasshen mai ba ya ƙona shi. Wani lokaci ma ki ci ki ji shiru, ba ciwon ciki ba gudawa, alhali ɓarnar tana gudana a ciki.

Amma ni da na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga abincin Saudiyya a matsayin babbar matsalarki ba. Ƙasar shinkafa ce da nama da dabino da madara, ba za ki zauna da yunwa ba. Abin da na gani shi ne wannan magana taki, cewa duk abin da Hajiya ta miƙo miki ba kya iya cewa a'a. Nan ne gizo ke saƙar. Duk wata dabara da zan faɗa miki ta dogara ne da ki iya buɗe baki ki yi tambaya, ki kuma iya mayar da hannun mai ba ki. In kara ta ɗaure miki baki, ko likita kika tafi da shi a jaka ba zai yi miki amfani ba.

Kada ki ga laifin Hajiya. A zamanin da ta tashi, abincin gida gero ne da dawa da masara da shinkafa, duka kuwa babu gulutin a cikinsu. Alkama ta sallah ce da biki, a yi alkaki da funkaso da taliyar hannu, a ci kwana biyu a koma tuwo. Ba a wayi gari da burodi an yini da taliyar leda an kwana da tuwon semo kamar yau ba. Ba ta taɓa ganin ciwon ba, ko ta gani da wani suna aka kira shi. Kuma ba ke za ki yi mata wannan bayani ba. Aikin ɗanta ne, kuma a gida za a yi shi tun kafin a hau jirgi, ba a gaban faranti ana jiran kiran sallar magariba ba. Ki samu maigida cikin natsuwa ki ce masa kina roƙon abu ɗaya: ya zauna da mahaifiyarsa da takardun asibiti a hannu, ya ce likita ne ya hana, kamar yadda ake hana mai ciwon sukari sukari. Dattawanmu sun san ciwon sukari, suna kuma girmama dokarsa. In da hali ku tafi da ita ganin likitanki na ƙarshe kafin tafiya, ta ji da kunnenta. Sannan ku yi alkawari ke da shi cewa a wurin cin abinci, in aka miƙo miki abin da ba kya ci, shi zai riga ki magana: “Hajiya, wannan yana cikin waɗanda aka hana ta, kawo in ci.” Ke kuma ki yi godiya ki ɗauki dabino. Ba ki yi wa kowa rashin kunya ba.

In ta ce ciwon Turawa ne, ya gaya mata kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da shi a duniya, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samunsa a Afirka yake. A 1999 an auna yaran Sahrawi, Musulmi 'yan'uwanmu da ke sansanonin gudun hijira a kudu maso yammacin Aljeriya, waɗanda fulawar agaji ta zama abincinsu na yau da kullum, aka samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da shi.

Akwai kuma abin da na san zai fi shiga zuciyarta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gidan Ummul Munzir tare da Sayyadina Ali, ga zangarkun dabino a rataye. Ya fara ci, Ali ma ya sa hannu, sai ya dakatar da shi saboda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Da aka kawo wani dafaffen abincin sai ya ce ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. Dabino ne fa, a Madina, amma aka hana mai jinya. Na kawo miki wannan ne don na san abin da zai faru da kun shiga kasuwar Madina. Za ku ga talbina a gwangwani da leda ko'ina, masu shago suna tallarta da hadisin Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, Hajiya kuma saboda ƙaunarki za ta saya ta ce ki sha ki warke. Hadisin ingantacce ne, amma talbina garin sha'ir ce, sha'ir kuwa yana cutar da hanjinki kamar alkama. Ki karɓa da hannu biyu, ki ce za ki dama mata ita da maigida. Ke ki nemi warakarki a zamzam da ajwa da zuma.

Jirgi ba shi da wahala. Manyan kamfanonin jiragen sama suna da abinci na musamman marar gulutin da suke wa alama da GFML. Ki sa wanda ya yanka muku tikiti ya saka shi a zuwa da dawowa, aƙalla kwana biyu kafin tashi, ki kuma sake tambaya a wurin auna kaya. Duk da haka ki sa abincin yini guda a jakar hannu, dafaffen ƙwai da gyaɗa da dabino, don jirgi yakan yi jinkiri, abincin musamman kuma yakan ɓata a hanya. In an kawo miki tire da ɗan burodi a gefe wanda ba a cikin ledarsa mai rubutu yake ba, ki miƙa wa na kusa da ke.

Masauki ne ya fi muhimmanci. In har yanzu ba a kama ba, ku nemi wanda ke da ɗan kicin, irin wanda suke kira shuƙƙa mafrusha, ko da zai ɗan yi nisa da Harami. Otal da yawa ba sa yarda a yi girki a ɗaki saboda gobara, saboda haka a tambaya tun daga gida. Da tukunya ɗaya da cokali da farantinki na kanki, sahur ɗinki ya fita daga hannun mutane, rabin damuwar ta tafi ke nan. Manyan kantuna irin su Bin Dawood da Panda suna da shinkafa da ƙwai da dankali da kifin gwangwani da 'ya'yan itace, a manyan rassansu kuma akan samu burodi da biskit da aka rubuta wa “khali minal gulutin”, wasu da hoton zangarniyar alkama da aka soke da layi. Da tsada, amma na kwana 20 ne.

In kuwa otal mai abincin ɗiba-da-kanka aka kama muku, to ranar da kuka sauka ki sa maigida ya nemi shugaban masu girki, ba yaron da ke kai faranti ba, kuma da hantsi lokacin da babu cunkoso. Ki riƙa zuwa da wuri kafin mutane su cakuɗa ludaya, don ludayin da aka ɗebi taliya da shi yanzun nan za ki gan shi a cikin shinkafa. Ki rubuta kati tun daga gida, ki sa wani malami ya rubuta miki da baƙaƙen Larabci: “Indi maradus siliyak, mamnu'un alayyal ƙamhu wash sha'iru wad daƙiƙu wal khubz”, wato ina da cutar siliyak, an hana ni alkama da sha'ir da fulawa da burodi. Can sun fi gane ta da “hasasiyyatul ƙamh”, ki ƙara wannan. Masu girki da yawa 'yan Indiya ne da Pakistan da Bangaladash, su fulawa “maida” suke ce mata, garin alkama kuma “atta”. Ki sa waɗannan kalmomi biyu a bayan katin.

A gidan abinci kada ki tsaya a tambayar ko akwai alkama, don kowa zai ce miki babu, shi burodi kawai yake hangowa. Ki tambayi abu ɗaya bayan ɗaya. Da me aka yi romon shinkafar nan, akwai dunƙulen magi? Wasu dunƙulen akwai fulawa a cikinsu. Dankalin nan a man da ake soya kaza da sambusa aka soya shi? Naman nan a kan me aka gasa shi? Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne wanda idonki ke iya rarrabe abin da ke cikinsa: mandi da kabsa da shinkafar bukhari bayan kin tambayi romo, gasasshiyar kaza ko kifi, ful da hummus, wato dafaffen wake da markaɗaɗɗen wakensu, ba tare da gurasarsu ba, laban, wato nono, salak da man zaitun da lemon tsami. Ki yi nesa da harisa da jarish, duka alkama ce ko da ba su yi kama da ita ba. Haka mutabbaƙ da ma'asub da kunafa da ma'amul, da kibba da tabbula masu burgul, wato ɓarzajjiyar alkama, da kofta da akan cuɗa da garin burodi. Kazar burostad da alhazanmu ke layi a kanta, irin ta Albaik, a fulawa ake tsoma ta kafin suya, ɓare fatar kuma ba ya raba ta da ita. Farar shinkafa ma ki duba ta da kyau, Misirawa da mutanen Sham suna dafa ta da 'yan guntayen soyayyar taliya da suke kira sha'iriyya. Miyar shurba da ba a buɗa-baki sai da ita a can, da alkama ko shufan ake kaurara ta, shufan ɗin kuma, wato ots, yawanci a gauraye yake da alkama tun daga gona da injin casa. A abin sha ki bar subiya, farin abin shan nan da ake sayarwa a leda da azumi, da sha'ir ko busasshen burodi ake yinta. Ki bar Barbican da Moussy, 'yan'uwan Maltina ne, da sha'ir ake yinsu. Na san kin riga kin san Milo da Ovaltine ma akwai sha'ir a cikinsu.

Ina faɗa miki haka dalla-dalla ne saboda na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. 'Yar yayata da na riƙe tana da ciwon nan, na kuma je Umara da ita tana 'yar shekara 16. Wani dare a Madina bayan tarawihi muka shiga wani gidan abinci, na yi duk tambayoyin, aka ce shinkafa ce da gasasshen nama kawai. Da aka kawo, sai ga falle ɗaya na gurasa mai laushi an lulluɓe naman da ita don kada ya huce, ta jiƙe sharkaf da maiƙo. Yarinyar ta kalle ni. Ni kuma na kalli yaron da ya kawo, ya gaji, ga layi a bayanmu, na ji nauyin in ce ya mayar. Na ɗage gurasar da hannuna na ce ci abinki, ai mun cire. Kafin asuba ta fara murƙususu. Kwana biyu ba ta je masallaci ba, ana kiran sallah tana jiyo shi daga kan gado tana hawaye. Ba mai abincin ne ya yi laifi ba, bai sani ba. Ni ce na sani na yi shiru. Tun daga ranar nake faɗa tun wurin yin oda cewa kada burodi ya taɓa farantin, in kuma ya taɓa a mayar ko in biya wani.

Buɗa-baki a Harami kuwa sauƙinsa ya fi yadda kike zato. A Masallacin Annabi abin da ake shimfiɗawa a sufura, wato ledar cin abinci, dabino ne da zamzam da yogot da garin yaji da suke kira dukka da burodin shuraik. Dabino da zamzam da yogot ɗin da ke rufe naki ne. Burodin ki tura wa maƙwabciyarki, za ta yi miki addu'a, dukkar kuma ki bar ta tunda ba ki san abin da aka daka a ciki ba. Abin da za ki kula da shi ɓurɓushi ne, don mutane na gutsurar burodi a kan ledar da dabinon yake. Ki zo da naki dabinon a 'yar leda. Haka in an gayyace ku cin abinci a babban tire ɗaya, ki ɗebi naki a faranti kafin hannuwa su shiga, ki ce magani kike sha da doka. Babu mai tambaya ta biyu.

Za ki yi marmarin tuwo, Hajiya ma haka, za kuma a kai ku wurin Hausawan Makka masu sayar da abinci, wajen Shara Mansur da Misfala. Nan za ki iya tambaya da harshenki, ki yi amfani da damar. Tuwon shinkafa zalla ne ko an ɗaure shi da semo? Da muciya ɗaya ake tuƙa su? An sa fulawa a ƙullun waina? Ɗanwake kam ki bar shi sai na hannunki, don da wuya ki samu wanda ba a sa wa fulawa ba.

Guzurinki ki fara haɗa shi tun yanzu: garin kunu, acca, garin rogo, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, daddawa, da yajin da kika daka da kanki. Ki kula da wurin niƙa. Injin unguwa da ya gama niƙa wa wata alkamar funkaso, in aka zuba geronki a bayanta, garinki ya gama gurɓata tun bai bar Zariya ba. Ko ki daka a turmin gida, ko ki sa a kwance injin a wanke a gabanki ki biya ladan wankin. Ki ƙulle komai a leda mai haske, ki tambayi kamfanin da ya shirya muku tafiya abin da aka hana shiga da shi, don goro dai an hana, nama ma akan ƙwace. Ki karɓi takarda daga likitanki da ke bayanin ciwon. In za ki sha maganin ɗage al'ada kamar yadda mata da yawa ke yi, ki nuna wa mai kemis ya duba miki abin da aka haɗa ƙwayar da shi. Ƙwayoyin da ake tallatawa wai suna narkar da gulutin kuwa, kada ki ɓata kuɗinki, ba sa kare mai siliyak.

Duk da wannan kiyayewa kuskure yana iya faruwa. In ya faru kada ki ce ai an riga an ɓata bari in ci gaba da ci, ki koma kan dokarki daga loma ta gaba. Ki sha ruwan gishiri da sukari, ki tafi da 'yan ƙunshinsa daga gida, ki tsaya a farar shinkafa da ayaba har cikin ya lafa. In gudawa ta yi tsanani ki ajiye azumin ki rama, ke matafiyiya ce kuma mara lafiya, Allah ya yi miki rangwame ta fuska biyu a cikin Suratul Baƙara. In kika ga jiri, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya ƙi tsayawa, akwai wuraren duba marasa lafiya a kewayen masallatan biyu, maigida ya kai ki ba tare da jiran gari ya waye ba.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: in ba a auna yaranki ba, ki sa a auna su in kun dawo. Ciwon yana bin jini, kusan ɗaya cikin goma na 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwan mai shi ana samunsu da shi. Kada ki hana su alkama kafin awon, don in sun daina ci gwajin ba zai nuna ba. Wannan ma maigida ya faɗa wa Hajiya a zaman da za su yi, jikokinta ne.